Tarihin Ishara a Wasan Kalmomin Gicciye na Jaridu

1.0 Gabatarwa

Idan mai nazarin tarihi ya buɗe tsohuwar jarida, abin da ya fi jan idonsa shi ne shafin farko da sharhin edita, domin a nan ne ake samun labarin shugabanni da yaƙe-yaƙe da mahawarar 'yan siyasa. Da wuya ya leƙa can wajen ƙarshe, kusa da tallace-tallace, inda akan ajiye ɗan allon nan mai gidaje farare da baƙaƙe wanda masu karatu kan cike da fensir. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa wannan ɗan lungu ma yana da abin da zai gaya wa mai tarihi. Shafin farko yana faɗa mana abin da jarida take so mai karatu ya sani yau. Tambayoyin wasan kuwa suna faɗa mana abin da jarida ta ɗauka cewa ya riga ya sani. Wannan na biyu shi ne ake kira ilimin gama-gari, kuma za mu ga cewa a kowane zamani wasu mutane ƙalilan ne, editoci da malaman makaranta, suke shata masa iyaka.

Za mu bi sawun wasan a Amurka da Ingila, inda aka haife shi ya girma, tun daga 1913 har zuwa 2021. Daga bisani za mu ɗan taɓa abin da wannan tarihi yake koya wa wanda zai shirya irin wasan da harshen Hausa.

2.0 Siffar Wasan

Wasan yana da rukunai uku. Na farko shi ne allo, watau zanen da aka rarraba gida-gida, kowane farin gida na ɗaukar harafi ɗaya, baƙin gida kuwa yana nuna inda kalma ta ƙare. Na biyu shi ne amsoshi, waɗanda ake rubuta wasu a kwance wasu a tsaye, suna gicciye juna, har harafi ɗaya ya yi wa kalma biyu aiki. Na uku shi ne ɗan bayanin da ake bai wa mai wasa domin ya gano kowace amsa. Wannan bayani shi muka kira ishara, kuma a kansa wannan takarda ta tsaya.

Ana iya kasa ishara gida uku. Bari mu ƙirƙiri misali da amsa ɗaya, ZARIYA, mai haruffa 6. Idan muka ce "Igiyar ɗaure wando (6)", mun ba da ishara ta ma'ana, wadda ƙamus zai warware. Idan muka ce "Birnin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 (6)", mun ba da ishara ta sani, wadda ba ta warwaruwa sai ga wanda ya san wani abu na tarihi. Idan kuwa muka ce "Birnin ilimi da ke riƙe wando (6)", mun ba da ishara mai ɓad da kama, wadda take wasa da ma'ana biyu na kalmar. Ta biyun ce ginshiƙin wasan ilimin gama-gari.

Akwai wani abu game da yadda ake shirya wasan da ya kamata mu riƙe tun yanzu. Mai shiryawa yakan fara ne da cike allo da kalmomin da suka yarda su gicciye juna, sa'an nan ya koma ya rubuta musu isharori. Amsa ita ce gaba, tambaya tana biye. Saboda haka sau da yawa matsin allo ne yake kawo kalma, mai shiryawa kuma ya nemi hujjar da zai ce wa mai karatu ai ya kamata ya san ta.

3.0 Mafari: 1913 zuwa 1925

Ran 21 ga Disamba 1913 jaridar New York World ta buga wasan da ake ɗauka shi ne na farko a wannan siffa. Wanda ya shirya shi kuwa Arthur Wynne ne, haifaffen Liverpool da ya yi ƙaura zuwa Amurka, wanda yake kula da shafukan nishaɗi na ranar Lahadi. Allonsa murabba'i ne da aka tsayar a kan kusurwa ɗaya, tsakiyarsa fanko, ba shi da baƙaƙen gidaje.

Idan muka duba isharori 31 da Wynne ya bayar, za mu ga kusan dukkansu na ma'ana ne: kishiyar wata kalma, jam'in wata, sunan wani sashe na jirgin ruwa. Ɗaya tak ce take neman sunan wuri, ita ce wadda ta tambayi wani kogi a Rasha, amsarta NEVA. Amma tun a wannan rana ta farko matsin allo ya nuna kansa. Wynne ya buƙaci kalma mai haruffa 3 da za ta dace da wani lungu, sai ya sa DOH, ya ce sunan zaren wata bishiya ce dangin giginya, bishiyar da ke fitowa a kudu maso gabashin Asiya. Ya kuma sa NEIF, wata tsohuwar kalmar karin harshen arewacin Birtaniya mai nufin dunƙulallen hannu. Har ma ya maimaita kalma ɗaya sau biyu da ishara dabam-dabam. Babu mai cewa mutumin New York na 1913 ya san zaren waccan bishiya. Allo ne ya nemi kalmar, ishara kuma ta ba ta rigar ilimi.

Kimanin shekara 10 wasan ya yi yana zaune a wannan jarida da wasu 'yan kaɗan. A watan Afrilu 1924 wani sabon kamfanin ɗab'i, Simon & Schuster, ya tara wasanni 50 ya buga su littafi guda, kowane kwafe da fensirinsa a maƙale. Kafin shekarar ta ƙare wasan ya zama ruwan dare a Amurka. Babban ɗakin karatu na birnin New York ya koka a rahotonsa cewa masu wasan sun mamaye ƙamusoshi da kundayen sani, sun hana ɗalibai da masu bincike sakat. Wannan koke yana da amfani gare mu, domin ya nuna cewa tun a lokacin ishara ta fara tura mutane neman abin da ba su sani ba, watau ta soma yin aikin malami.

Manyan jaridu ba su yi maraba da abin ba. A 1924 New York Times ta rubuta sharhi tana kiransa ɓata lokaci, The Times ta Landan kuma ta yi wa Amurkawa ba'a cewa wasan ya bautar da su. Dukansu biyu daga baya sun zama gidajen da aka fi sanin wasan da su.

4.0 Ingila: Inda Hanya Ta Rabu

Wasan ya shiga jaridun Ingila a tsakiyar shekarun 1920. Sunday Express ta fara a Nuwamba 1924, Daily Telegraph a Yuli 1925, The Times kuwa ba ta sallama ba sai ran 1 ga Fabrairu 1930, inda ta ɗauki Adrian Bell, wani manomi marubuci daga yankin Suffolk, ya riƙa shirya mata.

A nan ne hanya ta rabu biyu. Wasu masu shiryawa sun ga ishara ta ma'ana ta yi sauƙi, suka karkata ga mai ɓad da kama. Jagoransu shi ne Edward Powys Mathers, wanda ya yi wa jaridar Observer aiki daga 1926 har rasuwarsa a 1939 da laƙabin Torquemada, sunan wani shahararren alƙalin kotun cocin Sifaniya da aka sani da azabtarwa. Magajinsa, Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci ne a makarantar kwana, shi ma ya ɗauki sunan wani alƙalin wannan kotu, Ximenes, kuma a 1966 ya wallafa littafin da ya tsara dokokin wannan fanni. Kafin shi, A. F. Ritchie, wanda ya haɗa farkon sunayensa ya sami laƙabin Afrit, watau ifiritu, ya riga ya kafa ƙa'idar da aka bi: mai shiryawa yana da damar karkatar da hankalin mai wasa, amma ba shi da damar yi masa ƙarya.

Ɗaya hanyar ita ce ta ishara ta sani, wadda daga baya ta zama babban allon ilimin gama-gari da jaridun Ingila kan buga a ƙarshen mako. Isharorinsa dogaye ne, cike da shekaru da sunayen mutane da wurare, kuma akan rubuta yawan haruffan amsa a ƙarshen kowace.

Abin lura shi ne irin sanin da aka ɗauka kowa yana da shi a wancan lokaci. Wasannin The Times na farko sun cika da gurbin da za a cike daga wasannin Shakespeare, da Littafi Mai Tsarki na Kirista, da tatsuniyoyin Girka da Rum. A 1930 jaridar ta ma buga wasa sukutum da harshen Latin. Ilimin gama-gari a nan yana nufin manhajar makarantun kwana na 'ya'yan masu hali da jami'o'in Oxford da Cambridge. Ma'aikacin masaƙa na Manchester, komai zurfin saninsa da sana'arsa da ƙungiyar ƙodagonsa, allon bai tambaye shi abin da ya sani ba.

5.0 Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙi ne ya sa New York Times ta canja ra'ayi. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor ran 7 ga Disamba 1941, editocinta suka ga mutane za su buƙaci abin da zai ɗauke musu hankali a cikin dare mai zullumi. Suka ɗauko Margaret Farrar, wadda tana cikin mutum uku da suka shirya littafin 1924, suka ba ta aikin edita. Wasan farko ya fito ran 15 ga Fabrairu 1942.

Da yake jaridar tana jin kanta gidan labarai ce mai nauyi, sai aka so wasan ya riƙa bin labaran mako. Ishara ta ɗaya a kwance ta nemi sunan wani shahararren janar mai ido ɗaya, amsa WAVELL. Archibald Wavell, wanda ya rasa idonsa na hagu a fagen fama a 1915, shi ne a lokacin babban kwamandan rundunonin ƙawance a kudu maso gabashin Asiya. A ranar da wasan ya fito ne Singafo, wadda take ƙarƙashin rundunarsa, ta miƙa wuya ga Japan. Mai karatu na wannan Lahadi ba ya buƙatar kundin sani kafin ya cike gidaje shidan nan. Mai karatu na yau kuwa, in ba ɗalibin tarihin soja ba ne, sai ya nema.

A Ingila wani abu ya faru da ya fi wannan ban mamaki. Tsakanin farkon Mayu da farkon Yuni 1944 waɗannan kalmomi suka fito ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshi a Daily Telegraph: UTAH, OMAHA, OVERLORD, MULBERRY, NEPTUNE. Kowace daga cikinsu sunan sirri ne a shirin saukar da sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa, wanda aka aiwatar ran 6 ga Yuni 1944. Biyun farko sunayen gaɓoɓin da Amurkawa za su sauka ne, ta uku sunan shirin gaba ɗaya, ta huɗu tashar jiragen ruwa ta wucin gadi, ta biyar kuma ɓangaren sojan ruwa. Jami'an leƙen asiri na MI5 suka je suka yi wa mai shiryawa tambayoyi. Shi ne Leonard Dawe, shugaban wata makarantar sakandare da aka kwashe daga Landan zuwa ƙauyen Effingham saboda ruwan bama-bamai. Ba a same shi da laifi ba.

Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa Dawe yakan ba yara allo fanko su cike da kalmomin da suka ga dama, shi kuma ya rubuta isharori. Yaran kuwa suna yawo a sansanonin sojojin Amurka da Kanada da ke kusa, suna tsintar kalmomi daga bakin soja. Ko wannan bayani ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, ya dace da abin da muka faɗa a sashe na 2.0. Amsa ta shigo daga abin da ke yawo a bakin mutane, malami ya ɗauke ta ya yi mata ishara daga manhaja: UTAH ta zama ɗaya daga jihohin Amurka kurum.

6.0 Edita da Iyakar Sani

Tarihin New York Times bayan yaƙi ya nuna a sarari yadda ra'ayin mutum ɗaya kan zama ilimin gama-gari na dubban masu karatu. Farrar ta riƙe aikin daga 1942 zuwa 1969, kuma a zamaninta wasan ya koma na kullum a 1950. Ita ta tabbatar da dokokin da aka san allon Amurka da su: a daidaita baƙaƙen gidaje yadda in an juya allon ƙasa ta koma sama siffarsa ba za ta canja ba, kada kalma ta gaza haruffa 3, kuma kowane harafi ya kasance cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye. Ta kuma guji sunayen cututtuka da duk abin da zai ɓata wa mai karatu rai yana karin kumallo.

Dokar nan ta cewa kowane harafi ya yi aiki biyu ta ƙara matsin allo ƙwarai. Sakamakonta shi ne wasu gajerun kalmomi masu yawan wasula suka riƙa dawowa kullum, har suka zama wani harshe na masu wasan. Akwai ANOA, wani ɗan ƙaramin ɓauna na tsibirin Sulawesi a Indunusiya. Akwai ESNE, bara ko ɗan ƙodago a Ingila ta zamanin da. Akwai ADIT, ƙofar ramin haƙar ma'adinai, da ETUI, ɗan gidan allura. Ta wannan ƙofa ce Afirka ta fi shiga allon Amurka: MALI, TOGO, KANO, da IBO, wadda akan yi wa ishara da cewa mutumin wata ƙabila ne a Nijeriya. Ba tarihin Kano ne ya kai ta can ba, haruffanta huɗu ne, baƙi da wasali bi da bi. Mai wasa yakan san sunan shekara da shekaru ba tare da ya san komai game da birnin ba.

Bayan Will Weng, wanda ya riƙe aikin daga 1969 zuwa 1977, sai Eugene Maleska ya karɓa har rasuwarsa a 1993. Maleska tsohon malamin Latin da Ingilishi ne, kuma babban jami'in ilimi a birnin New York. Ya ɗauki allon tamkar aji: adabin da, kiɗan opera, kalmomin Latin. Yana ƙin sunayen kayan kasuwa. Misalin da aka fi kawowa shi ne OREO. Wannan sunan wani biskit ne da ake sayarwa a Amurka tun 1912, wanda kusan kowane yaro ya sani, amma shekaru da yawa jaridar takan yi masa ishara da cewa ɗafa-goshi ne daga Girkanci mai nufin dutse. Da Will Shortz ya zama edita a 1993 ya buɗe ƙofa ga sunayen kaya, da mawaƙan zamani, da 'yan wasa, da maganar titi, ya kuma fara buga sunan wanda ya shirya wasan kowace rana. Haruffa huɗun ba su canja ba. Abin da ya canja shi ne amsar da edita ya ba wannan tambaya: wane ne mai karatunmu, kuma me ya sani?

A zamanin Shortz ne aka buga wasan ranar zaɓen shugaban ƙasa, 5 ga Nuwamba 1996, wanda Jeremiah Farrell, malamin lissafi, ya shirya. Ishara ta nemi babban labarin jaridar gobe, kuma ko an rubuta CLINTON ko BOB DOLE a gidaje 7 na farko, duk kalmomin da suka gicciye su suna dacewa da isharorinsu. Alal misali, baƙar dabbar da aka tambaya tana iya zama kyanwa ko jemage, domin a Ingilishi harafin farko kaɗai ya raba sunayensu.

Mahawara a kan iyakar sani ba ta ƙare da Shortz ba. A 2020 ɗaruruwan masu shiryawa da masu wasa suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga jaridar, suna neman a ƙara mata da waɗanda ba Turawa ba a cikin masu tace wasan. Hujjarsu ita ce sunan da edita ya ce baƙo ne, ya yi wuya, sau da yawa sananne ne a gidajen da editan bai taɓa shiga ba.

7.0 Yadda Ishara Take Tsufa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da hanyoyi uku da ishara ta sani take tsufa, kuma kowace tana ba mai tarihi wata irin shaida.

Ta farko ita ce gaskiyar kanta ta canja. Wanda ya rubuta "Babban birnin Nijeriya (5)" da Ingilishi kafin 12 ga Disamba 1991 yana nufin LAGOS, bayan wannan rana kuwa ABUJA, kuma dukansu haruffa 5 ne. Haka Dahomey ta koma Benin a 1975, Upper Volta ta koma Burkina Faso a 1984, sunan Zaire ya rayu daga 1971 zuwa 1997 kawai. Yawan jihohin Nijeriya ya tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, da 36 a 1996. A 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Pluto daga jerin manyan duniyoyin da ke kewaya rana, duk isharar da ta kira ta ta tara ta faɗi. Irin wannan tsufa yana taimaka wa mai bincike ya kintaci shekarar da aka rubuta takardar da ba ta da kwanan wata.

Ta biyu ita ce suna ya dushe, kamar yadda muka gani game da Wavell. Gaskiyar tana nan, masu saninta ne suka ƙare. Wanda ya bi sunayen da suka shiga allo da waɗanda suka fita a cikin shekara 50 zai ga tashi da faɗuwar shahara fiye da yadda shafin farko zai nuna masa.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce mahangar da aka tsaya aka rubuta isharar ta zama abin ƙi. Isharar da Dawe ya yi wa OMAHA a 1944 ta yi amfani da laƙabin nan na jan Ba'indiye, wanda a yau ake ɗauka cin fuska ne ga 'yan asalin Amurka. Mu ma mun san irin wannan a littattafan makaranta na zamanin mulkin mallaka, inda akan ce Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796, alhali a bakin kogin ya tarar da birnin Segu da jiragensa da kasuwanninsa. Ishara gajeruwa ce, ba ta da wurin kawo hujja ko togiya. Abin da ta faɗa takan faɗe shi ne tamkar babu mai ja, shi ya sa take saurin tona abin da zamaninta ya ɗauka ba ya buƙatar hujja.

Intanet ta kawo wani sabon matsi. Isharar da ta tsaya ga tambayar shekara ko sunan babban birni, wayar hannu tana amsa ta nan take. A 2021 wata manhajar kwamfuta mai suna Dr. Fill ta fi dukkan mutane maki a gasar wasan ta Amurka, gasar da Shortz ya kafa a 1978. Wannan ya ƙara wa ishara mai ɓad da kama daraja, ya kuma tilasta wa mai shirya ta sani ya nemi gaskiyar da take da daɗin ji ko bayan an gano amsa.

8.0 Abin Lura ga Mai Shiryawa da Hausa

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tambaya mai ɓad da kama. Kacici-kacici yana da dokarsa, har wanda ya kasa yakan ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Bambancin shi ne amsoshin kacici-kacici gado ne da ake haddacewa, isharar jarida kuwa sabuwa ce kullum, kuma wani ne yake zaɓen abin da za ta tambaya. Wanda zai ɗauki wannan aiki da Hausa yana da matsaloli uku da ya kamata ya warware tun farko.

Ta ɗaya ita ce ta haruffa. Faransawa sukan yi watsi da alamomin da ke kan wasulansu a cikin allo, amma mu ba za mu iya yin haka da haruffa masu ƙugiya ba, domin kafa dabam ƙafa dabam, baki dabam baƙi dabam. Sa'an nan dole a yanke shawara a kan sh da ts da ky da ire-irensu, ko gida ɗaya za su ci ko biyu. Akwai abin koyi a wajen mutanen Wales, waɗanda suke sa tagwayen haruffansu a gida ɗaya, haka kuma mutanen Holan suke yi da ij.

Ta biyu alheri ce. Da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, kalmomi kamar gari da fari suna ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya a rubuce, kuma wannan taska ce ga mai son ɓad da kama.

Ta uku ita ce wadda tarihin nan duka yake nuni gare ta, watau wane sani za a tambaya. Idan mai shiryawa ya fassara isharorin jaridun Landan, zai tura ɗalibin Gusau neman sunayen matan Sarki Henry na Takwas. Idan kuma ya tsaya ga abin da shi kansa ya karanta a jami'a, ya maimaita abin da Maleska ya yi. Allon da ya tambayi marubucin Magana Jari Ce ya kamata ya tambayi sassan masaƙa, da sunayen taurarin da manomi ke duba shigowar damina da su, da kayan aikin ungozoma, da garuruwan Damagaram da Maraɗi, domin masu karanta Hausa ba a Kano kaɗai suke ba, kuma ba maza kaɗai ba ne.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda ishara ta tashi daga bayanin ƙamus a 1913, ta rabu biyu a Ingila, ta bi labaran yaƙi a 1942, ta kuma canja kama duk lokacin da aka canja edita. A kowane mataki abubuwa biyu ne suka yanke abin da zai shiga allo: matsin haruffa, da ra'ayin mai shiryawa game da abin da mai ilimi ya kamata ya sani. Yana da kyau mu tuna cewa Dawe da Macnutt da Ritchie da Maleska duk malaman makaranta ne kamar yawancinmu a wannan taro.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Masu nazarin tarihin jaridu su riƙa haɗa shafukan wasanni da na tambayoyi a cikin abin da suke dubawa, su lura da sunayen da aka tambaya da waɗanda aka tsallake. Sassan Hausa na kwalejojin ilimi kuma su gwada sa ɗalibai su shirya allo da isharorinsa da kansu, su kawo a tattauna a aji dalilin da ya sa aka zaɓi kowace amsa. Ɗalibin da ya zauna ya rubuta isharori 30 ya kare su a gaban 'yan'uwansa ya fara aikin da zai yi duk rayuwarsa ta koyarwa, watau zaɓen abin da zai ce wa yara ya kamata su sani.